Da Saura, In Ji Kawu

Ranar da aka fara zaman makokin Kawu a ƙofar gidansa da ke Kankia, ba sai an nuna maka waɗanda suka koyi aiki a hannunsa ba. Sauran jama'a suna zuwa su yi sallama, su ce ya haƙuri, su nemi tabarma su zauna. Su kuwa yaran Kawu, har waɗanda furfura ta cinye wa gemu, benci suke nufa. Kowanne sai ya dafa shi da tafin hannu, ya danna, sannan ya zauna ya ɗan jijjiga hagu da dama yana kasa kunne. Ba su ma san suna yi ba. Wani baƙo da ya zo daga Kano ya ga layin dattawa suna rangaji a kan benci, ya raɗa wa Liman ko wani zikiri ne na mutanen garin. Liman ya ce masa a'a, kafintoci ne.

Kowa da abin da ya tuna. Wata tsohuwa ta tsaya a bakin zaure ta ce kujerar tsugunon da ya yi mata ta kai miji biyu kabari, ita kuwa ko ƙafa ba ta saki ba. Mai shayin bakin titi ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa, ya ce shi dai ya yafe, amma mutumin nan ya sha shayinsa tun yana saurayi bai taɓa cewa ya yi daɗi ba. Babban Yaro, wato farkon wanda Kawu ya koya wa aiki, mutum mai jikoki da shagonsa a Kusada, ya zauna a gefe. Hularsa kawai ya cire yana share fuska da ita.

Daga Allah muke, wurinsa kuma Kawu ya riga mu komawa. Ina rubuta wannan ne don kada a wayi gari yaran da ke zama a kan bencinan makarantun allo na garin nan ba su san hannun da ya yi su ba. Akwai kuma wani dalili nawa na kaina. Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ne ubangidana a sana'a, kuma duk cikin waɗanda suka yi rangaji a ƙofar gidansa ran nan, ni kaɗai ne ya bari bai yaye ba.

Wanda bai san harkar koyon sana'a a wajenmu ba zai ce mene ne abin damuwa. To, a nan ba ka buɗe rumfarka don kawai ka iya riƙe zarto. Duk wanda zai ba ka aikin ƙyaure ko gadon 'yarsa sai ya tambaye ka wa ya yaye ka. In ka fara kame-kame, ya san gudowa ka yi, sai ya yi maka fatan alheri ya wuce gaba. Yaye shi ne ranar da ubangidanka zai tara mutane, a yi addu'a, ya miƙa maka zarto da guduma, ya ce ka je ka ci gashin kanka. Ni kuwa burina bai wuce in koma garinmu Ƙofa kusa da Inna, mahaifiyata, in kafa rumfa a ƙofar gidanmu a matsayin cikakken kafinta ba.

Kowane ubangida da yadda yake gane yaro ya ƙware. Na Kawu babu irinsa. Mutum ne mai jiki, in ya hau mashin sai ka tausaya wa tayar baya. Duk abin da yaro ya gama, kujera ce, benci ne, gado ne, har tebur, Kawu zai zo ya haye kai. Ya jijjiga hagu, ya jijjiga dama, ya kasa kunne. In ya ji ƙara ko ta ƙwayar zarra, sai ya miƙe ya kaɗe riga ya ce, "Da saura." Ba ya faɗin inda saurar take, kai za ka nemo ta. Amma ranar da aikinka ya yi, ba zai yaba ba, don bakinsa bai saba ba. Sai dai ka ga jijjigar ta tsaya, idanunsa sun fara lumshewa, kansa ya sunkuya. Da zarar an ji minshari, yara su bar aiki su shiga taya ka murna da raɗa, don an san yaye ya zo. Kawu ya ce shi jikinsa ba ya yarda ya yi barci a kan aikin banza.

"Da saura" ba a shago kaɗai ta tsaya ba. Miyar gidansa da saura. Huɗubar da ta yi tsawo ma da saura. An taɓa kawo masa jikansa sabuwar haihuwa, ya juya shi, ya duba kunnuwan, ya ce da saura. Matarsa, wadda dukanmu muke kira Hajiya, ta ce ranar da aka kai ta gidansa ya buɗe mayafinta, ta ga bakinsa ya motsa, ta riga shi da cewa, "Kai ma haka." Ta ce tun daga ranar suka fahimci juna.

Ni ba da son raina na zo hannunsa ba. Na gama sakandare a Kusada, sakamakon ya fito bai isa ya kai ni ko'ina ba, na koma majalisar gindin bishiya ina musun ƙwallo daga hantsi zuwa la'asar. Inna ta zuba mini ido har ta gaji. Wata safiya ta sa aka kira mai mashin, ta ɗaure mini kayana a buhu, ta ce Kankia. Na isa da wando mai guga da takardar shaidar makaranta a leda. Kawu ya karɓi takardar da hannu biyu, ya dube ta a juye cikin girmamawa, ya mayar mini.

"Madalla," in ji shi. "Adana ta da kyau, Injiniya. Mi aka koya maku game da ƙusa?"

Na ce ba a koya mana komai game da ƙusa ba.

Ya turo mini gwangwani cike da tsofaffin ƙusoshi masu lanƙwasa da tsatsa. Na daɗe ina miƙe su a kan dutse kafin a bar ni in taɓa katako, sunan Injiniya kuma ya bi ni har yau. Amma kada a ɗauka Kawu ya raina boko. Duk yaron da aka kawo masa yana makaranta, sai ya je aji da safe kafin ya shigo shago, in kuma ya ji labarin ya yi fashi, ranar ba zai taɓa guduma ba. Cewa yake yaron da bai iya lissafi ba katakonsa zai ƙarar.

Shi kansa dai da taƙi yake awo, wato buɗe yatsu daga babba zuwa na tsakiya, kuma ya yarda da yatsun nan nasa fiye da kowa. Ni na fara shigo da tef ɗin awo shagon, ya ce igiyar 'yan makaranta ce. Sai aka ba mu aikin kabad ɗin wata amarya a Kunduru. Kawu ya je ya auna ƙofar ɗakin da taƙinsa, ni kuma na faki idonsa na auna da tef. A hanya na ce masa, "Kawu, kabad ɗin nan zai fi ƙofar faɗi." Ya ce tun ba a haifi Inna ba yake auna ƙofofi, wanda ba gaskiya ba ne, tsakaninsu ba nisa. Muka yi kabad, muka manne shi da gam yadda ba ya kwancewa, muka ɗora a a-kori-kura. Mata suka tarbe mu da guɗa. Aka kai shi bakin ƙofa ya ƙi shiga. Aka kwantar da shi ya ƙi, aka karkata shi ya ƙi, guɗa ta mutu. Kawu ya zagaya kabad, ya zagaya ɗaki, ya shafa bango, sannan ya juyo ya fuskanci dangin ango.

"Ƙohwar ga," in ji shi, "da saura."

Sai da aka nemo magini ya fasa gefen ƙofar. Muka kamo hanyar dawowa har muka ga titin Kankia. A nan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Gobe ka taho da igiyar nan taka." Daga ranar ni ne mai awo a shagon.

Alherinsa ma haka yake yin sa, yana harare-harare. An taɓa kawo wani yaro kurma da duk shagunan garin suka ƙi karɓa, wai ba za a iya koya masa ba. Kawu ya ce ai gara shi, ba zai ɓata lokaci wajen musu ba. Ya ƙirƙiro masa alamomi na zarto, na ƙusa, na gam, har da ta "da saura", wato ya matse yatsu biyu ya ɗaga su daidai hanci. In yaron ya yi fushi ya gudu gida, Kawu da kansa yake hawa mashin ya ɗauko shi. Ranar da Kawu ya yi barci a kan kujerarsa, yaron bai ji minsharin ba, sai da ya ɗora hannu a kan makarin kujerar ya ji tana rawa. Yanzu magidanci ne mai yara a ƙarƙashinsa. A wajen makoki ya zo gabana, ya nuna cikin gida, ya matse yatsu biyu ya ɗaga daidai hanci, hawaye na zubo masa. Na gane abin da yake nufi, cewa bai ishe mu ba tukuna.

Shi wannan kurman a bayana ya zo, kuma a gabana aka yaye shi. Haka wasu da yawa. Na ci shinkafar yayen yaran da ni na koya musu riƙon zarto. Kujeruna sun daina ƙara tun tuni, na sani, Babban Yaro ma ya zo ya gwada wata ya kusa yin gyangyaɗi. Amma Kawu in ya zauna a kan aikina sai ya jijjiga, ya jijjiga, ya zare ido yana kallon rufin kwano, sannan ya miƙe da sauri ya ce da saura. Da daɗewa na lura da wani abu. Duk ranar da zai gwada aikina, sai ya ciro goro daga aljihu ya ɓantara babba, ya tauna sosai, kana ya zauna. Sauran yara kuwa ba ya yi musu haka. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, har na kai ƙara wajen Inna.

Inna ta yafa gyale ta taho Kankia. Ta same shi a shago, ta gaishe shi yadda ƙanwa ke gaida yayanta, sannan ta sauke abin da ta zo da shi.

"Yaya, yaron ga hwa gemu ya cika mashi huska. Ni da na haihe shi, bai gama iya tahiya ba na yaye shi. Kai mi kake jira?"

"Ai shi ya sa," in ji Kawu. "Kin yi gaggawa. Aikinki ne nike ƙarasawa."

"To ka bar cin goro in za ka hau kujeratai."

Kawu ya dube ni, na dubi dusar katako. Ya ce goro dai nasa ne, baki nasa ne. Inna ta ce ɗa kuma nata ne. Suka tono rigimar wata akuya da ta ɓata tun suna yara, kowa ya ce ɗayan ne ya bar ƙofa a buɗe. Ta tafi ko ruwa ba ta sha ba. Shi kuma ya aika yaro ya bi ta tasha da sabuwar kujerar tsuguno, wadda ni na yi ta, wadda kuma da safiyar ranar ya ce da saura.

Hajiya ce ta warware mini, wata rana da na shiga gaishe ta. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kai ma ba ka da wayo. Idonshi ba shi ganin lambobin igiyar nan taka, 'ya'yanshi duk sun tahi aikin ofis. In ya yi barci ka tahi, da wa zai yi hwaɗa?" Na fito ban san ko in yi fushi ko in ji daɗi ba. Na yi duka biyun, kuma washegari na buɗe shago kamar kullum.

Bara ne Liman ya zo ya ce makarar masallacin unguwa ta tsufa, har masu ɗaukar gawa suna tsoron wata rana za ta ba su kunya a hanya. Kawu ya ce shi zai ba da katako sadaka. Ya juyo ya ce, "Injiniya, aikinka ne. Kar ta yi nauyi, masu ɗauka ba jakai ba ne. Kar ta yi ƙara, mai hawa ba ya son surutu." Ban taɓa zuba hankalina a kan aiki kamar wannan ba. Na zaɓi katako, na goge shi har ya yi santsi, na yi hannuwan yadda ba za su ci kafaɗa ba. Da na gama muka ajiye ta a inuwar ƙofar shago, ina tunanin wannan kam ba abin da za a gwada ba ne.

Bayan azahar Kawu ya fito, ya zagaya ta, ya fara cire takalmi. Liman da ya zo dubawa ya ce, "Haba Alhaji, wannan ai ba a yi mata haka."

"Malam, ni zan hau ta wata rana," in ji Kawu. "Gara in gwada tun ina iya ƙorahi."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro goro. Na ce a raina shi ke nan, an kuma. Sai ya dubi goron, ya dube ni, ya miƙo mini. "Riƙe mani," ya ce. Ya hau ya miƙe, ya juya hagu, ya juya dama. Makara ba ta ce komai ba. Ya gyara hula ya rufe fuska da ita, ya ɗora hannuwa a ciki. Yara suka ajiye guduma, ni kuwa na tsaya da goro a hannu. Numfashinsa ya fara tsawo. Na rantse saura kaɗan.

Daidai nan wata mai tallan fura ta kawo kai. Ta ga Kawu miƙe a makara, fuska a rufe, ga Liman tsaye, ga yara sun yi jugum. Ta dire ƙwarya ta ɗora hannu a ka ta yi cikin gidan Kawu da salati. Kafin mu tare ta Hajiya ta fito ba mayafi, maƙwabta sun fara fitowa, wani mai azarɓaɓi har ya kira Kusada a waya. Kawu ya yaye hula ya tashi zaune, rabin jama'ar suka watse da gudu, mai fura ta bar ludayinta. Hajiya da ta gane abin da ake ciki ta ce masa maganganun da ba zan rubuta a ta'aziyya ba. Zuwa la'asar sai ga Babban Yaro a kan mashin ido jajur, ya tarar da mamacin yana shan furar da aka bari.

Da ƙura ta lafa na matsa kusa da shi na ce, "Kawu, ya aikin?"

"Ba a bar ni na gama gwaji ba," in ji shi. "Ba ni gorona. Sai wani jiƙon."

Bai ce da saura ba, kuma bai yi minshari ba. Aka ɗauki makara aka kai masallaci, ni kuma na zauna a tsakiya, ba yaro ba, ba ubangida ba. Na yi niyyar yin wata kujera ta musamman in sake gwada sa'ata, sai ciwon ƙafa ya kwantar da shi, daga ƙafa ya hau sama. Ya daina zuwa shago. Kullum da yamma nakan je in faɗa masa abin da aka yi, ya saurara ido a rufe, ya ce da saura ko bai ga aikin ba. Ban sake tayar da maganar yaye ba, don a lokacin ba na son zuwa ko'ina.

Ya cika da hantsi, aka yi masa sutura, aka aika masallaci a ɗauko makara. Sai da na gan ta a zaure na tuna cewa tawa ce. Aka ɗora shi, aka sallace shi, muka ɗauka. Na kama hannun gaba na dama, na ƙi sakin wa kowa duk da al'ada ce a riƙa karɓa-karɓa. Ciwo ya rage shi, amma Kawu ne, da nauyinsa. Hanyar maƙabarta kuma akwai gangare da kwazazzabo. Mutane suna ta salati, ni kuwa, Allah ya yafe mini, kunnena yana kan katako. Muka gangara, muka haura, muka karkata a kwana. Ko ƙis ba ta yi ba.

Da aka sauke shi a bakin kabari, na ɗago na ga ashe ba ni kaɗai nake saurare ba. Duk yaran Kawu sun kewaye makarar, kurman nan ma tafin hannunsa na kan katakon tun daga gida. Babban Yaro ya dafa kafaɗata.

"Injiniya," ya ce, "ya yi barci. An yaye ka."

Bayan sadakar uku ya tara mutane a shago, Liman ya yi addu'a, Hajiya ta aiko da zarton Kawu da gudumarsa aka miƙa mini. Inna ta zo da kujerar nan da suka yi faɗa a ranarta, ta zauna a kanta. Yanzu in na koma Ƙofa aka tambaye ni wa ya yaye ni, ina da amsa, kuma duk garin sun shaida.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sa ya tarar da makwancin da ba shi da saura. Na daɗe ina roƙon ranar da zai yi barci a kan aikina, ga shi an ba ni. Amma tun daga ƙofar gida har bakin kabari, ba shirun katakon nake fata ba. So nake in ji ta yi ƙara ko sau ɗaya, ya yaye mayafin nan ya tashi zaune, ya kaɗe riga, ya ce mini da saura.